DDS: ƴan sandan asirin Hissène Habré, da yadda takardunsu suka kai shi gaban alƙali

DDS ita ce hukumar ƴan sandan asiri da ta yi aiki a ƙasar Cadi, maƙwabciyar Nijar ta gabas, daga 1983 zuwa 1990, zamanin mulkin Hissène Habré. Cikakken sunanta da Faransanci shi ne Direction de la Documentation et de la Sécurité, wato hukumar tattara bayanai da tsaro. Ita ke sa ido a kan jama'a, ita ke kamawa, ita ke tuhuma, ita ke tsarewa, ba tare da an kai mutum gaban alƙali ba. Ana yawan kawo misali da ita idan ana maganar jami'an tsaron da suka wuce gona da iri, saboda girman ta'asar da ta yi, da kuma yadda shugaban da ya kafa ta ya ƙare da hukuncin ɗaurin rai da rai, bisa hujjojin da ma'aikatanta suka rubuta da hannunsu.

Kafuwarta

Habré ya ƙwace mulki a N'Djamena ranar 7 ga watan Yuni na 1982. A watan Janairu na 1983 ya sa hannu kan dokar da ta kafa DDS. Dokar ta sanya hukumar kai tsaye ƙarƙashin fadar shugaban ƙasa, bisa hujjar cewa aikinta na sirri ne. Ma'anar haka ita ce babu minista, babu alƙali, babu majalisa da ke da ikon tambayar ta abin da take yi. Mutum ɗaya take yi wa bayani.

Daraktoci huɗu suka shugabance ta, dukkansu daga cikin makusantan Habré. Na farko shi ne Saleh Younous. Wanda ya gaje shi, Guihini Koreï, dangin Habré ne na kusa. Hukumar tana da rundunarta mai ɗauke da makamai da ake kira BSIR, wadda ke zuwa kamun mutane.

A lokacin Cadi tana yaƙi da Libiya ta Mu'ammar Gaddafi, wadda ta mamaye arewacin ƙasar. Wannan ya sa Amurka da Faransa suka mara wa Habré baya da makamai da kuɗi. Faransa ta tura sojojinta a 1983 da 1986, shugaban Amurka Ronald Reagan kuma ya karɓi Habré a fadarsa a watan Yuni na 1987. Da sunan wannan yaƙi aka kama mutane da yawa: a ce mutum ɗan koren Libiya ne ya isa a ɗauke shi.

Yadda take sa ido

DDS tana da rassa a jihohin ƙasar, tana da masu kai mata rahoto a unguwanni, da kasuwanni, da ma'aikatu, har da cikin ƴan Cadi da ke gudun hijira a ƙasashen maƙwabta. Jam'iyyar UNIR, wadda Habré ya kafa a 1984 a matsayin jam'iyya ɗaya tilo, ita ma ta zama hanyar sanin wanda ya zo taro da wanda ya ƙi zuwa. Magana a wurin shan shayi, ko wasiƙa daga ɗan'uwa da ke waje, ko dawowa daga tafiya, kowanne na iya zama sanadin kamu. Tsoro ya kai mutane ba sa sakin baki ko a cikin gidajensu.

Wanda aka kama ba a faɗa wa iyalinsa inda yake, ba lauya, ba ranar shari'a. Sau da yawa ana kwashe dukiyarsa, a kori iyalinsa daga gidan. Waɗanda suka yi sa'a aka sake su kuma sai an sa su rantsuwa cewa ba za su faɗi abin da suka gani ba.

Gidajen kaso da azaba

A N'Djamena kaɗai hukumar tana da gidajen kaso guda 7, ɗaya daga ciki a harabar fadar shugaban ƙasa. Wanda ya fi ƙaurin suna shi ne La Piscine, wani tsohon wurin wanka na zamanin Turawan mulkin mallaka da aka rufe samansa da kankare, aka yanka shi ɗaki-ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. Ana cusa mutane da yawa a ɗaki guda. A lokacin bazara zafi da ƙishirwa da rashin iska su ke kashe su, kuma gawa takan kwana tare da masu rai kafin a zo ɗauka.

Cikin hanyoyin azabtarwa akwai wadda ake kira arbatashar: a ɗaure hannuwa da ƙafafu tare ta baya, a ja igiya har ƙirji ya banƙare. Wasu sun fito daga wannan ɗauri hannuwansu sun shanye. Akwai matse kai tsakanin sanduna biyu, da jona wa mutum lantarki, da ɗura masa ruwa, da sa bakinsa a bututun hayaƙin mota. An kai wasu mata sansanin soja na Ouadi-Doum, cikin hamada, inda sojoji suka mayar da su bayi suna yi musu fyaɗe.

Fursunoni ne ake sa wa aikin binne ƴan'uwansu. Clément Abaïfouta, wanda aka kama a 1985 yana ɗalibi, ya yi shekara huɗu a tsare yana haƙa kaburbura a Hamral-Goz, bayan garin N'Djamena. Wata sojar mace, Rose Lokissim, ta riƙa rubuta sunayen waɗanda suka mutu a ƙananan takardu tana fitarwa a ɓoye zuwa ga danginsu. Da aka gano, aka kashe ta ranar 15 ga watan Mayu na 1986.

Kamun ƙabila-ƙabila

Danniyar ba ta tsaya kan mutum ɗaya-ɗaya ba. Duk lokacin da wani babba ya yi wa Habré tawaye, ƙabilarsa ce ke biya. A 1984 an yi kashe-kashe a kudancin ƙasar, a garuruwa irin su Sarh, inda aka bi ƴan boko da masu sarautar gargajiya, abin da ƴan Cadi ke kira Baƙar Satumba. A 1987 aka juya kan ƙabilar Hadjaraï. A 1989 kuma kan Zaghawa, bayan an zargi Idriss Déby da Hassan Djamous da Ibrahim Itno da shirya juyin mulki. Déby ne kaɗai cikin ukun ya tsira, ya tsere Sudan, daga can ya dawo da mayaƙansa ya kifar da Habré ranar 1 ga watan Disamba na 1990. Habré ya bi ta Kamaru ya sauka Senegal.

Bincike na farko

Sabuwar gwamnati ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin alƙali Mahamat Hassan Abakar. Rahotonsa na 1992 ya ƙiyasta cewa mutum 40,000 aka kashe ko suka mutu a tsare, ya ba da shawarar a gurfanar da masu laifi, a kuma cire su daga aikin gwamnati. Ba a yi ba. Déby kansa ya taɓa zama babban hafsan sojojin Habré, kuma tsoffin ma'aikatan DDS da dama sun ci gaba da riƙe muƙamai a ƴan sanda da sabuwar hukumar leƙen asiri.

Waɗanda aka zalunta ne suka ɗauki nauyin maganar. Souleymane Guengueng, ma'aikacin lissafin kuɗi a Hukumar Tafkin Cadi, wadda Nijar ke cikinta, ya fito daga kaso a 1990 bayan fiye da shekara biyu. Ya kafa ƙungiyar waɗanda aka zalunta, ya bi mutane yana rubuta labarinsu, har ya tara bayanan mutum 792, ya ɓoye su a gidansa shekara da shekaru. Lauyarsu, Jacqueline Moudeïna, ta ji mummunan rauni a watan Yuni na 2001, lokacin da aka jefa gurneti cikin wata zanga-zangar mata a N'Djamena. Babban jami'in ƴan sandan da ta kai ƙara kan harin tsohon ma'aikacin DDS ne, kuma kotu ta sallame shi.

Takardun da aka bari a ƙasa

A 2001 ma'aikata biyu na ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch, Reed Brody da Olivier Bercault, suka shiga tsohuwar hedkwatar DDS. Suka tarar da dubban takardu a warwatse a ƙasa, ƙura ta rufe su: jerin sunayen fursunoni, rahotannin tuhuma, takardun shaidar mutuwa, da rahotannin masu leƙen asiri. Hukumar da aka kafa don ɓoye aikinta ta rubuta kusan komai, domin dole ne ta riƙa sanar da shugaban ƙasa.

Masana lissafi da suka tantance takardun sun fitar da sunayen mutum 1,208 da aka kashe ko suka mutu a tsare, da 12,321 da aka azabtar ko aka tsare ba bisa ƙa'ida ba. Sun kuma gano cewa Habré ya karɓi saƙonni 1,265 kai tsaye daga DDS a kan fursunoni 898. Wannan shi ne ya rushe hujjar cewa bai san abin da ke faruwa ba.

Doguwar hanyar kotu

An shigar da ƙarar farko a Dakar a watan Janairu na 2000, alƙali Demba Kandji ya tuhumi Habré a watan Fabrairu. Amma a 2001 kotunan Senegal suka ce ba su da hurumin shari'ar laifin da baƙo ya aikata a wata ƙasa. Masu ƙara suka koma Beljiyam, wadda dokarta a lokacin ta yarda da irin wannan shari'a. Wani alƙalin Beljiyam ya je Cadi bincike a 2002, a 2005 kuma ya ba da sammacin kama Habré.

Senegal ta miƙa maganar ga Tarayyar Afirka, wadda a 2006 ta ce Senegal ta yi masa shari'a da sunan Afirka. Gwamnatin Abdoulaye Wade ta yi ta jan ƙafa, tana kawo batun kuɗi. A 2010 kotun CEDEAO ta ce sai dai a kafa kotu ta musamman. Ranar 20 ga watan Yuli na 2012 Kotun Duniya da ke Hague ta umarci Senegal ta gurfanar da shi ba tare da ɓata lokaci ba, ko ta miƙa shi. A shekarar ce Macky Sall ya hau mulki. Aka kafa kotun musamman ta Afirka a Dakar a watan Fabrairu na 2013, aka kama Habré ranar 30 ga watan Yuni.

Hukunci

An fara shari'a ranar 20 ga watan Yuli na 2015, ƙarƙashin alƙali Gberdao Gustave Kam ɗan Burkina Faso. Habré ya ce bai yarda da kotun ba. Da ƙarfi ake shigo da shi, ya zauna da rawani da baƙin tabarau bai ce uffan ba, kotu ta naɗa masa lauyoyi. Shaidu 93 suka yi magana, cikinsu har da matan Ouadi-Doum.

Ranar 30 ga watan Mayu na 2016 kotun ta same shi da laifin cin zarafin bil'adama, da laifukan yaƙi, da azabtarwa, haɗe da fyaɗe da bautar da mata, ta yanke masa ɗaurin rai da rai. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin ranar 27 ga watan Afrilu na 2017, sai dai ta cire tuhuma ɗaya, ta fyaɗen da wata mata ta ce shi da kansa ya yi mata, saboda ba ta cikin takardar tuhuma tun farko. Wannan ne karon farko da aka hukunta tsohon shugaban wata ƙasar Afirka a kotun wata ƙasar Afirka kan irin waɗannan laifuka. Habré ya mutu a Dakar ranar 24 ga watan Agusta na 2021 da cutar korona, yana da shekara 79.

A N'Djamena ma an yi shari'a. Ranar 25 ga watan Maris na 2015 kotu ta hukunta tsoffin jami'ai 20, ta yanke wa Saleh Younous da Mahamat Djibrine, wanda ake kira El Djonto, ɗaurin rai da rai.

Batun diyya

A nan ne maganar ta tsaya cak. Kotun N'Djamena ta ce a biya mutum 7,000 biliyan 75 na kuɗin sefa, rabi daga gwamnati, rabi daga waɗanda aka hukunta, a gina wurin tunawa da mamatan, a kuma mayar da hedkwatar DDS gidan tarihi. Kotun Dakar ta yanke biliyan 82 ga mutum 7,396, ta ɗora wa wani asusu na Tarayyar Afirka aikin nemo kuɗin. Ma'aunin da ta sa shi ne miliyan 20 ga wadda aka yi wa fyaɗe, miliyan 15 ga wanda aka azabtar ko aka tsare, miliyan 10 ga dangin mamaci.

Dukiyar Habré da aka iya riƙewa a Senegal, gida ɗaya da ɗan abin da ke banki, ba ta kai ko kusa ba. Masu haƙƙi sun yi shekaru suna zaman dirshan da zanga-zanga a N'Djamena, da yawansu sun rasu suna jira. Sai a 2024 gwamnatin Cadi ta fara raba musu biliyan 10, abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na jimillar abin da kotunan biyu suka yanke ba.