Kyamarar sinima ta dijital: abin da mai farawa a Sabha ya kamata ya sani

Kyamarar sinima ta dijital na'ura ce da aka ƙera don ɗaukar fim, mai babban faifan karɓar haske da damar sauya gilashin gabanta. Fitowar RED One a 2007 da ARRI Alexa a 2010 ta sa ta maye gurbin tsohon faifan majigi a manyan masana'antu. Masu ƙaramin jari kuwa sun samu shiga ne ta Canon 5D Mark II ta 2008, sannan Blackmagic Pocket Cinema Camera 4K ta 2018 da Sony FX3 ta 2021. A Kano, inda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kan kaset a 1990, yanzu da kyamarorin dijital ake ɗaukar shirye-shirye masu dogon zango na Arewa24 da YouTube.

A Sabha, babban birnin yankin Fezzan a kudancin Libiya, inda Hausawa da dama daga Nijar da Najeriya ke zaune ko yada zango, matsalar farko ita ce rana. Hasken hamada ya fi ƙarfin kyamara, don haka gilashin rage haske da ake kira ND wajibi ne. Sony FX6 da Blackmagic 6K Pro suna da shi a ciki, amma FX3 da Pocket 4K sai an sayo an ɗaura. In babu shi, farar riga da rawani su kan ƙone. Ko da akwai shi, fuskar baƙin mutum takan nutse cikin duhu idan aka matse hasken. Ƙwararru kan auna hasken a kan fuska, su bar sauran ya biyo baya.

Lantarkin Libiya da Nijar da Najeriya yana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Saboda haka ake saita kyamara a kan hoto 25 a daƙiƙa, saurin marfin haske kuma 1/50. Wanda ya bar ta a saitin Amurka zai iya ganin hoto yana ƙyaftawa a ƙarƙashin fitilar ɗaki, kuma wannan aibi ne mai wuyar gyara.

Yawancin kyamarorin an ƙera su ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 40, zafin Sabha kuwa yakan wuce haka a watannin Yuni zuwa Agusta. Ɗaukar safe da yamma ta fi, hasken ma ya fi kyau a lokacin. Idan iskar gibli ta taso da rairayi, ba a cire gilashin gaba a waje, domin ƙwayar ƙura ɗaya a kan faifan haske za ta fito a kowane hoto.

Kuɗin kyamara ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba, kuma nan ne masu farawa suka fi yin tuntuɓe. Batirin Pocket 4K ba ya cika awa guda, ga ɗaukewar wuta, sai an tanadi babban batiri na waje. Ɗauka a tsarin RAW tana cinye ma'ajiya da sauri, kuma ana kwafe aikin kowace rana a wuri biyu kafin a goge kati. Hoton tsarin Log yakan fito fari-fari kamar an wanke shi. Ba lalacewa ba ce, ana dawo da launinsa a manhajar DaVinci Resolve, wadda ke da nau'in kyauta. Sauti kuma sai da makirufo na daban.

Sabha gari ne mai shingayen masu makamai, kuma ɗaga babbar kyamara a titi ba tare da izini ba na iya jawo kamu ko ƙwace kaya. Da yawa daga cikin baƙin haure ba su da takardun zama, bayyanar fuskarsu a intanet na iya jefa su cikin haɗari, don haka ana neman yardar mutum kafin a kunna kyamara.