Sautin da ke zagaye mai sauraro: tarihin ambisonik



Duk wanda ya taɓa zuwa wasan mawaƙa ko gidan biki ya san wannan matsala: an jibge lasifika dama da hagun dandamali, na gaba ya koma gida kunne na ƙara har wayewar gari, na baya kuwa sai dai ya kalli bakin mawaƙi. To, ba mu kaɗai ke fama da ita ba, kuma neman maganinta yana da tarihi.

A 1931 wani injiniya ɗan Ingila, Alan Blumlein, ya yi rajistar dabarar sitiriyo, wato raba sauti dama da hagu. A watan Mayun 1967, ƙungiyar Pink Floyd ta yi wasa a Landan da lasifika a kusurwoyi huɗu na zauren, da wata na'ura mai sanda da ke yawo da sautin daga kusurwa zuwa kusurwa. Bayan an tashi daga wasan aka sace na'urar! Kamfanoni sun yi ta sayar da tsarin lasifika huɗu, amma kowane da irin nasa, na wani ba ya aiki da na wani, sai kasuwar ta mutu.

A shekarun 1970 ne Michael Gerzon, masanin lissafi na Oxford, da Farfesa Peter Fellgett na jami'ar Reading suka fito da ambisonik. Suka ce maimakon a ɗauki sauti don kowace lasifika, a ɗauki inda yake fitowa. Layi huɗu ya wadatar: ɗaya na ƙarfin sautin gaba ɗaya, ɗaya na gaba da baya, ɗaya na dama da hagu, ɗaya na sama da ƙasa. Daga nan wata na'ura ta raba shi ga lasifikun da ke wurin, ko shida ne ko ashirin.

Dabara ta yi kyau, amma ba ta samu kasuwa ba. Gerzon ya rasu a 1996 bai ga cin moriyarta ba. Sai a 2016, da YouTube ya ɗauke ta don bidiyon da ake juyawa ta kowace fuska, duniya ta waiwayo ta. Lokacin wa'adin haƙƙin mallakarta ya ƙare, kowa na iya amfani da ita.

To me ya hana ta cika gidajen rawa da manyan filaye? Da layi huɗu, wanda ke tsakiya ne ke jin daɗin. Na gefe lasifikar da ke kusa da shi ce ke cika masa kunne. Don faɗaɗa wurin sai a ƙara layuka zuwa 9 ko 16, a ƙara lasifika, a ƙara kuɗi. A San Francisco ta Amurka, ƙungiyar Envelop ta kafa zaure mai lasifika 32 a kan wannan tsari. A buɗaɗɗen fili kuwa, nisa da iska na ɓata lissafin.

Ba muna cewa masu kayan sono su ci bashi su sayo ambisonik ba ne. Darasin shi ne, inda aka ajiye lasifika ya fi ƙarfinta muhimmanci. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙarar wuraren wasa ya wuce desibel 100, domin jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. A rarraba ƙananan lasifiku, a ɗaga su sama da kawunan mutane, a rage wuta, musamman inda yara ke zaune.

Ai mun san daɗin sautin da ke zagaye mutum: ku tuna filin kokawa, makaɗa nan, kirari can, ihun jama'a ta ko'ina. Shi Gerzon ya so ya kama da lissafi.

Yaya abin yake a bukukuwan unguwarku? Allah ya kare mana jinmu.