Ranar da bankuna suka daina yarda da juna

Yau zan kai ku Amurka, watan Satumba na 2008, amma bari in fara da abin da ake cinikin, don kada mu ɓata a hanya.

A ce mai gidan burodi ya ce wa mai fulawa: nan da wata shida zan sayi buhu dubu a kan farashi kaza, ko kasuwa ta hau ko ta sauka. Sun rubuta, sun sa hannu. To ita wannan takardar ma haja ce, darajarta na rataye da farashin fulawa. Manyan bankuna irin wannan suke yi, amma a kan kuɗin ruwa, da canjin kuɗi, da bashin kamfanoni. Kuma a wancan lokacin mafi yawa ba a fili ake yi ba. Daga ni sai kai, babu wanda ya san wa ke bin wa.

Kamfanin inshora na AIG, ta wani reshensa da ke da ofis a Landan, ya riƙa sayar wa bankuna alƙawari: in bashin gidajen nan da kuka zuba kuɗi a kai ya lalace, ni zan biya. Ya yi ta karɓar lada. Da farashin gidaje ya karye, bankuna suka ce ya kawo jingina, kuɗin suka gagara. Ranar 15 ga Satumba bankin Lehman Brothers ya durƙushe. Kashegari babban bankin Amurka ya buɗe wa AIG bashin dala biliyan 85, daga baya tallafin ya kai wajen biliyan 180. Kar ku ɗauka tausayi ne. Tsoro ne, domin in AIG ya faɗi, ba a san bankuna nawa zai ja ba, su ma ba a san su wa za su ja ba. Kowa ya ƙanƙame kuɗinsa.

Amma ga ɓangaren da ya fi burge ni. A Landan akwai wani gida, LCH, aikinsa shiga tsakani. In banki biyu sun ƙulla ciniki, sai ya zama shi ne mai saye ga mai sayarwa, shi ne mai sayarwa ga mai saye. Kowa sai ya ajiye jingina tun farko, kuma kullum a duba farashi, wanda ya yi asara ya cika a ranar. Akwai kuma asusun haɗaka da kowane memba ke zuba nasa, don ranar da jinginar wani ta kasa.

Lehman na da ciniki sama da 66,000 a can, wanda a takarda ya kai dala tiriliyan 9. Gidan ya kira ƙwararru daga sauran bankuna, suka toshe ɓarakar, suka yi gwanjon cinikin cikin 'yan makonni. Jinginar Lehman kaɗai ta isa, har da saura mai yawa. Ba a taɓa ko sisin wani ba.

Shi ya sa a taron G20 na Pittsburgh a 2009 shugabanni suka ce duk irin wannan ciniki da ke da tsari iri ɗaya sai ya bi ta gidan shiga tsakani. Amurka ta sa shi a dokar Dodd-Frank a 2010, Tarayyar Turai ta biyo da tata a 2012.

To ni a nan nake da ja. Haɗarin bai ɓace ba, tattara shi aka yi wuri guda. Kuma irin waɗannan gidaje sun taɓa faɗuwa. A Faris, ƙarshen 1974, farashin sukari ya yi tashin gwauron zabi sannan ya rikito, wani babban dillali ya kasa cika nasa, gidan ya tafi da shi, aka rufe kasuwar. A Hong Kong a 1987 sai da gwamnati da bankuna suka kawo ɗauki. Na kusa-kusan nan shi ne Satumba 2018: mutum ɗaya tak, wani ɗan Norway, ya yi hasashen cewa ratar farashin lantarki tsakanin ƙasashensu da Jamus za ta tsuke. Sai aka yi ruwa mai yawa, madatsu suka cika, wuta ta yi arha a arewa, a Jamus kuwa ta yi tsada. Jinginarsa ta ƙare, aka yashi sama da yuro miliyan 100 daga asusun haɗaka na Nasdaq Clearing, membobin da ba su ci ba ba su sha ba suka cike gurbin.

Mutum ɗaya ke nan fa. Yau kuwa manyan bankunan duniya, waɗanda ba su da yawa, su ne membobi a kusan kowane gida. In biyu ko uku suka durƙushe rana ɗaya, gidaje da dama ne za su nemi kuɗi a lokaci guda daga hannun waɗanda suka rage, a daidai ranar da kuɗi ya fi wuyar samu. Wannan gwajin ba a yi shi ba tukuna.

Mu haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.