Tasowar Ra'ayin Malam Aminu Kano, 1937 zuwa 1950

Masu bin tarihin siyasar Arewa su kan ce a Ingila Malam Aminu Kano ya ɗauko ra'ayinsa na tsayawa talakawa, watau can ya sha ruwan gurguzu ya komo da shi gida. Wannan magana tana da kama da gaskiya, amma in aka bi shekarun ƙuruciyarsa daki-daki za a ga ra'ayin ya riga ya kafu tun bai hau jirgi ba. Abin da Ingila ta ƙara masa shi ne sanin yadda a ke haɗa jama'a a kan manufa guda.

An haife shi a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a shekarar 1920, a gidan malamai na zuriyar Genawa, waɗanda aka sani da alƙalanci. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufti ne a kotun alƙali. Yaron da ya tashi a irin wannan gida ya kan san shari'a ta fuska biyu: yadda ta ke a littafi, da yadda a ke zartar da ita bisa talaka a hannun En'e. Littattafan kuwa na masu jihadi ne. A cikin Kitabul Farƙi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya jera al'adun sarakunan Haɓe da ya ƙi, kamar jangali, da kuɗin gari, da gaisuwar da a ke kai wa masu mulki, da zuba ƙasa a ka wajen gaida su. Ɗan'uwansa Abdullahi kuwa a Kano ɗin nan ya rubuta Liya'ul Hukkami don ya nuna wa masu mulki iyakarsu. Wanda ya karanta waɗannan, sa'an nan ya dubi yadda hakimai da dagatai ke karɓar haraji a zamanin Turawa, ba ya bukatar wani baƙo ya gaya masa an kauce.

A 1937 ya shiga kwalejin da aka fi sani da Kwalejin Kaduna, ya fita a 1942. A nan ne ra'ayinsa game da al'ada ya fara bayyana, ta hanyar wasan kwaikwayo. Ya tsara wasanni da Hausa, cikinsu har da Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba, inda ya yi ba'a ga ha'inci da cin zalin baƙauye. Abin lura a nan shi ne zaɓin harshen. Ɗan kwaleji na wancan lokaci da Turanci ya ke nuna iliminsa, shi kuwa ya ga in ana so magana ta kai ga mai kasuwa da manomi, sai a faɗe ta da bakinsu, a haɗa da raha, domin abin da ba a iya faɗa a gaban sarki a kan faɗe shi cikin wasa.

Da ya gama aka tura shi koyarwa Makarantar Midil ta Bauci, inda ya zauna da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya kuma shaƙu da Malam Sa'adu Zungur, mutum mai zurfi a Larabci da Turanci duka. A 1943 aka kafa taron tattaunawa na Bauci, inda ma'aikata da malaman makaranta da Turawan mulki su ke zama su yi muhawara. Da muhawara ta kai ga tsarin mulkin En'e da albashin sarakuna, sai hukuma ta ga abin ya wuce inda ta so, taron ya mutu. Daga nan Malam Aminu ya gane muhawarar da a ke yi da izinin mai mulki tana ƙarewa ran da ta taɓa shi.

A 1946 ya tafi Jami'ar London karatun aikin malanta. Ya tarad da jam'iyyar Leba tana mulki, tana mayar da ma'adinan kwal hannun gwamnati, Indiya kuma tana gab da samun 'yancinta, wanda ta samu a 1947. Ya ga ma'aikata da ƙungiyoyinsu, ya ga ɗan leburan da ya zama minista, ya kuma karanta yadda Gandhi ya yi gwagwarmaya ba da makami ba. Da ya komo sai ya tsaya ga kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa. Aka kai shi Maru, a ƙasar Sakkwato, ya koyar a makarantar horon malamai, har ya ajiye aikin a ƙarshen 1950 ya shiga NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta na wannan shekara.

To, a nan ya kamata malamai su lura da yadda ya rarrabe al'ada. Harshe, da tufafin gida, da karatun zaure, waɗannan ya riƙe su har ya rasu a 1983. Faɗuwa ƙasa a gaban basarake, da barin mata cikin jahilci, da ɗaukar talauci kamar gado ne, waɗannan ya ce al'adu ne da aka lulluɓe da rigar addini, ya kuwa kafa hujjarsa da littattafan Shehu. Shi ya sa abokan hamayyarsa su ka sha wuya wajen jifansa da cewa ya bi Nasara, gama da hujjar da su ke taƙama da ita ya ke amsa musu. Sanarwar Sawaba ta 1952, wadda ta ce akwai gwagwarmaya tsakanin talakawa da masu riƙe da En'e, da lafazin gurguzu aka tsara ta, amma ƙorafin da ke cikinta tsoho ne, ya girmi zuwan Turawa da shekara ɗari.