Littattafan Zaure da Ɗakunan Karatu na Jami'a: Sharuɗɗan Ɗaukar Rubutun Hannu a Na'ura

A 'yan shekarun nan babu maganar da ta fi yawo a tarukan ma'aikatan ɗakunan karatu na jami'o'inmu kamar ta ɗaukar littattafai a hoto a zuba su cikin kwamfuta, har ta kai wasu shugabanni na ganin cewa da zarar an sayo kyamara an keɓe mata ɗaki, to an sauke nauyi. Alhali kuwa duk wanda ya yi wa al'amarin duban tsanaki zai tarar cewa na'ura ita ce mafi sauƙin samu a cikin sharuɗɗan wannan aiki, kuma abin da ke tabbatar da shi ko ya rushe shi mutane ne: malamin da zai karanta abin da za a ɗauka, da mai littafin da za a nemi yardarsa, da hukumar da za ta riƙe amanar bayan kuɗin tallafi ya ƙare.

Ba mu ne farkon masu wannan yunƙuri ba. Tun a 1964 aka kafa Shirin Binciken Tarihin Arewa wanda ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a shekarar kuma John Hunwick ya buɗe cibiyar tattara rubuce-rubucen Larabci a Jami'ar Ibadan, sannan a 1970 aka kafa Gidan Arewa a Kaduna ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith. Mutanen wancan zamani sun zaga gidajen malamai, sun ari littattafai, sun ɗauke su a siririn fim wanda a lokacin shi ne ƙarshen fasaha. To, shi wannan fim yana bukatar ɗaki mai sanyi da na'urar karantawa ta musamman, waɗanda riƙe su ya yi wa ɗakunan karatunmu nauyi. Amma fihirisan da suka rubuta, waɗanda suka ambaci sunan littafi da mawallafinsa da inda yake, har yau su ne madogarar ɗalibai, kuma a kan irinsu Hunwick ya gina babban juzu'insa na 1995 game da marubutan tsakiyar Bilad al-Sudan. Ashe abin da ya fi daɗewa a cikin aikinsu shi ne wanda ilmi ya yi, ba wanda ƙarfe ya yi ba.

Ƙasar Katsina kuwa tana da haƙƙi na musamman a wannan bahasi, domin garin da Shehu al-Maghili ya sauka a cikinsa a ƙarshen ƙarni na 15, wanda ya fitar da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani a ƙarni na 17, da Muhammadu al-Katsinawi masanin hisabi da ya rasu a Alƙahira a 1741, ba zai yiwu a ce ilminsa ya tsaya a cikin ganuwa ba. Almajirai sun ɗauki karatu sun koma garuruwansu da abin da suka kwafa da hannunsu. Saboda haka wanda ya ratse daga hanyar Kano zuwa Katsina ya shiga ƙasar Kankiya da Kusada, ya isa gari irin Mawashi, bai kamata ya yi zaton ya yi nisa da taskar ilmi ba. A zaurukan malaman irin waɗannan garuruwa ake samun Ishiriniya da Risala da Ahalari na rubutun hannu, da waƙoƙin wa'azi na ajami, da wasiƙu, da takardun rabon gado da na cinikin gona, waɗanda masanin tarihi zai fifita su a kan littattafai da yawa da aka buga. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da aka kafa a 2006 da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma da aka kafa a 2011 su ne maƙwabtan waɗannan zauruka, kuma maƙwabci shi ya fi cancanta da shufu'a.

Bari mu dubi abin da ke faruwa sa'ad da aka kwance gafaka. Littafinmu na dā ba ɗinkakke ba ne. Warƙoƙi ne sake a tsakanin tadarishi, babu lambar shafi, sai dai kalma guda da marubuci kan sa a ƙasan warƙa, wadda ita ce farkon warƙar da ke biye. Idan magada sun juya littattafai, ko iska ta taɓa watsa su, sai a tarar da fiƙihu ya shiga cikin nahawu, madahu ya shiga cikin ɗibbu, kuma babu mai iya mayar da kowace warƙa muhallinta sai wanda ya sauke waɗannan littattafai a gaban malami. A gefen shafi akwai hashiya da ƙananan haruffa, wani lokaci fassarar kalma ce da Hausa ko Fulatanci, wadda mai ɗaukar hoto da bai san darajarta ba zai iya yanke ta don shafi ya yi kyau. A ƙarshen littafi akan sami sunan wanda ya kwafa da wanda aka kwafa dominsa. Idan kuma aka ɗaga takardar ga haske, sau da yawa a ga tambarin jinjirin wata uku, alamar takardar Italiya da fatake suka riƙa kawowa ta hamada, wadda ke taimaka wa mai bincike ya ƙiyasta zamanin rubutun. Duk wannan kyamara ba ta san shi ba. Lalle ne tsarin aiki ya sa malamin zaure a cikin ma'aikata tun ranar farko, da albashinsa da sunansa a kan fihirisa, ba a kira shi daga baya don ya warware abin da aka dagula ba.

Sai batun amana, wanda a ganina ya fi kowanne nauyi. Littafin da malami ya bari dukiyar magada ce a shari'a, ba ya halatta a watsa shi ba da izninsu ba, kuma iznin ɗauka daban yake da iznin sakawa a intanet. A cikin kundin malami akwai abin da ya yi don jama'a, akwai kuma laƙani da asirai da bayanan iyali waɗanda ba a buɗe su ga kowa. Wajibi ne a rubuta yarjejeniya da Hausa, da boko da ajami, a karanta ta a gaban shaidu da sanin hakimi ko dagaci, a fayyace abin da za a nuna wa duniya da abin da za a taƙaita ga mai bincike a cikin ɗakin karatu; a yi ɗaukar a gidan mai littafi idan ya fi son haka, a ba shi kwafinsa, a bar masa akwatin da zai tsare asalin daga gara da ɗanshin damina. Gida ɗaya da aka ci amanarsa ya isa ya rufe ƙofofin gunduma guda.

Sauran sharuɗɗan fasaha sanannu ne, ba sa bukatar tsawaitawa: hoto mai launi wanda bai gaza ɗigo 300 a inci ba, ma'auni a gefen shafi, suna mai tsari ga kowane hoto, da kwafi uku waɗanda ba a ajiye su a gini ɗaya ba, tare da lantarki mai aiki da hasken rana.

Abin da ya fi damuna shi ne rana ta bayan biki. Shirin ceto taskokin da ke cikin haɗari na Ɗakin Karatun Birtaniya, wanda ya fara a 2004, ya tallafa wa ayyuka a Nijeriya, kuma sharaɗinsa ne asali ya zauna a ƙasarsa, a bar kwafi a wata cibiya ta gida. Jami'ar Boston ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Fallou Ngom tare da Dakta Mustapha Hashim Kurfi, ta ɗauki rubuce-rubucen ajamin Hausa masu yawa ta sa su inda kowa zai gani. Wannan alheri ne da ya cancanci godiya. Amma ba daidai ba ne ɗalibin Dutsin-ma ya dogara ga na'urar da ke Landan ko Boston kafin ya karanta abin da kakansa ya rubuta, ba kuwa don wani dalili ba sai don kwafin gida yana kan faifai ɗaya a aljihun teburin ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki. Abin da ya auku a Tumbuktu a Janairun 2013, inda aka ƙona ko aka salwantar da kimanin littattafai 4,000 na Cibiyar Ahmad Baba, yayin da waɗanda aka kwashe zuwa Bamako suka tsira, ya isa hujja cewa ajiya a wuri ɗaya ganganci ne, musamman ga jihar da rashin tsaro ya tayar da ƙauyuka da dama a cikinta.

Don haka ina kira ga majalisun jami'o'in Jihar Katsina da su sa wannan aiki a cikin kasafin kowace shekara, da ma'aikata na dindindin, su nemi kason Asusun Tallafa wa Manyan Makarantu domin fihirisa da horo kafin sayen kaya, su kuma fara da zagayen ƙidaya gunduma gunduma, tun dattawan da suka san wane gida ke da wane littafi suna raye.