Farin Hankakan William James

'Yan'uwa matasa, wanda ya taɓa zaman makoki a nan Katsina ya san tambayar da ke cin zuciya bayan an watse: ina wanda ya tafi yake yanzu?

Tambayar nan ce ta kama William James, malamin Jami'ar Harvard a Amurka, ɗaya daga cikin iyayen ilimin halayyar ɗan Adam. A 1885 ƙaramin ɗansa Herman ya rasu. A shekarar ce surukarsa ta ba shi labarin Leonora Piper, wata mata a Boston da ake cewa matattu suna magana ta bakinta. Ya je yana shakka, amma matar ta faɗi al'amuran gidansu da suka ɗaure masa kai. Daga baya ya kira ta farin hankakansa. Hankakan ƙasarsu baƙi ne ƙirin, ba irin namu mai farin ƙirji ba. Yana nufin fari guda ya isa ya ƙaryata masu cewa duk hankaki baƙaƙe ne.

Abokan aikinsa da dama sun ga ya zubar da girmansa. A 1909 masana biyu, Stanley Hall da Amy Tanner, suka gwada matar. Hall ya ƙirƙiro wata 'yar'uwa da ba a taɓa haifa ba, Bessie Beals, ya ce ta mutu. Sai ga "ruhun" Bessie yana kawo saƙo! A wannan shekarar James da kansa ya rubuta cewa bayan shekara 25 yana bincike, bai wuce inda ya fara ba. Ya rasu a 1910.

Ba James ne farau ba. A 1 Sama'ila 28, tsoro ya kai Sarki Saul wurin matar Endor da dare, bayan shi da kansa ya kori irinta daga ƙasar, kuma Maimaitawar Shari'a 18 ta riga ta hana tuntuɓar matattu. Ya fito ba tare da ta'aziyya ba.

Kada mu yi wa James dariya. Uba ne da ya binne ɗansa. Baƙin ciki kan kai mai ilimi ma ƙofar mai duba. Begenmu yana kan tashin Yesu Almasihu daga matattu, ba a bakin wata mata ba. Saboda haka idan an yi wa ɗan'uwa rasuwa, mu riga mai duba isa gidansa, mu kuma koma bayan an naɗe tabarmin makoki.