Tsofaffin sulalla: abin da ya haɗa dalar kakanninmu da kuɗin Girka ta dā

Duk wanda ya taɓa buɗe adakar wata tsohuwa a Ƙonni, ko Dogarawa, ko Badagishiri, ba wuya ya ci karo da ƙullin tsumma mai nauyi. In an kwance sai a ga sulalla, wasu sun yi baƙi, wasu da huji a tsakiya, wasu da kan mutum. Daga nan gardama ke tashi a gida: a kai wa maƙeri ya narke, a sayar wa mai yawon sayen tsofaffin kaya, ko a aje? Mu dai shawararmu, kafin a yanke komi a fara sanin abin da ke hannu.

Mu fara da kalmar dirhami, wadda malamai ke ambata in ana zancen zakka da sadaki. Asalinta sunan kuɗin Girkawa ne, dirakma. Daga Girka sunan ya shiga Farisa, daga can Larabawa suka ɗauka, mu kuma muka samo shi ta hanyar karatu. Har cikin Suratu Yusuf an ambaci dirhamai.

An fara buga tsabar kuɗi a Lidiya, cikin Turkiyya ta yau, sama da shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sai biranen Girka suka kwaikwaya. Kowane birni da nasa tambari, kuma yawanci hoton abin bautarsu suke sawa, don a lokacin gumaka suke bauta wa. Wanda ya fi suna shi ne na birnin Atina, mai dirakma huɗu, azurfa ce mai nauyin giram 17 da ɗan kai. A fuska ɗaya akwai kan Atena, uwar gijiyar birnin, sanye da kwalkwali. A bayan kuma mujiya ce da reshen zaitun. Mu nan mujiya ba tsuntsuwar da ake so ta sauka bisa ɗaki ba ce, amma su alamar hikima suka ɗauke ta. Azurfar daga ramukan Lawuriyon ake haƙo ta, kusa da birnin, kuma saboda tsabtarta ƴan kasuwa har Masar suna karɓar wannan kuɗi ba musu.

Birnin Korinti ya sa doki mai fukafukai. Iskandar na Masedoniya, wanda ya mutu a shekara ta 323 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya sa Herakilis, wani gwarzo na tatsuniyoyinsu mai lulluɓe da fatar zaki, a baya kuma Zeyus, babban abin bautarsu, zaune bisa kujera da gaggafa a hannu. Ku riƙe sunan Herakilis, za mu dawo kansa. Musulmi kuwa sun yi amfani da kuɗin Rumawa da na Farisa masu hotuna har zuwa zamanin halifa Abdulmalik ɗan Marwan, wanda tsakanin 696 da 699 ya sa aka buga dinari da dirhami masu rubutu zalla.

A ƙasar Hausa wuri ne kuɗinmu na dā, kuma ita kanta kalmar kuɗi jam'in wuri ce. Daga tsibiran Maldibas na tekun Indiya ake kawo shi. Babbar azurfar da fatake suka sani ita ce riyal mai kan mace, ta sarauniyar Ostiriya Mariya Tereza. Bajamushen nan Barth ya tarar a Kano cikin 1851 ana canza guda da wuri 2,500. Turawa na ce da irinta tala ko dola, daga nan muka samu dala.

Ga inda mutane ke ruɗewa: kusan kowace riyal mai kan mace tana ɗauke da shekarar 1780. Ba wai duk a shekarar aka buga su ba. A 1780 sarauniyar ta mutu, sai aka ci gaba da bugawa da wannan lamba har yau, miliyoyi bisa miliyoyi, a Biyana da Landan da Paris da Roma da Bombai. To in wani ya ce muku tasa ta shekara ɗari biyu da arba'in don haka ta kai kuɗin mota, lambar ba shaida ba ce. Ta gaskiya nauyinta giram 28, kuma kashi 83 cikin ɗari azurfa ne. Maƙeran Buzaye sun narke da yawa suka yi zobba da mundaye da kayan wuya.

Da Faransawa suka zo, sai sunan dala ya koma kan tsabarsu ta azurfa mai tamma biyar, mai giram 25, kashi 90 cikin ɗari azurfa. Shi ya sa har gobe a kasuwar Galmi in mai albasa ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi, dala ɗari biyu kuma jika guda. To ku duba irin wannan dala in kuna da ita. Waɗanda aka buga tsakanin 1870 da 1878 yawancinsu na ɗauke da wani ƙato mai gemu tsaye tsakanin mata biyu, da fatar zaki a jikinsa. Herakilis ɗin nan ne na kuɗin Iskandar, Faransawa suka aro shi. Wasu kuma kan mace ne da zangarniyar alkama a gashi, wato Seres, wadda Rumawa suka ɗauka uwar gijiyar noma, Girkawa na ce mata Demeta. Ashe hotunan da masu tara kuɗin Girka ke nema a Turai, danginsu na kwance cikin adakokinmu ba mu sani ba.

Sauran abin da ake samu a ƙullin ya danganci iyaka. Kwabo da ɗari da anini masu huji da tauraro mai tsini shida na Ingilishi ne, an fara su a 1907, kuma sun tsallako daga Sakkwato ta hannun fatake. Sisi da sule da taro duk ɗiyan gida guda ne, naira ta kore su a 1973. Masu kan barewa na farin ƙarfe marar nauyi kuwa sefa ce ta zamanin mulkin mallaka, bayan an ƙirƙiro ta ranar 26 ga Disamba 1945. Waɗannan an buga su da yawan gaske, ba su da tsada. Amfaninsu a nuna wa yara.

Ƴan uwanmu da ke Turai su duba canjin da ke aljihunsu: yuro ɗaya na ƙasar Girka, tun 2002, hoton mujiyar Atina ne a bayansa. Masu ci-rani a Libiya kuma su yi hattara. Gaskiya ne Girkawa sun kafa birnin Sirene a inda Shahat take yau, kuma sun buga kuɗi can. Amma tsabar da wani zai miƙo muku a kan hanya wai ta Girka ce, ko dai jabu ce, ko ta sata daga wurin tarihi, kuma ƙasashe da yawa na kama mai fitar da irin wannan. Nan Nijar ma akwai dokar 30 ga Yuni 1997 mai kare kayan tarihi.

Game da adanawa, kar a goge tsohuwar tsaba da toka ko rairayi ko lemun tsami. Baƙin nan da ke jikinta masu tarawa na son shi, gogewa rage mata daraja take yi, haka huda ta don a rataya. A kanga mata mayen ƙarfe, in ta manne ba azurfa ba ce. In ba ta manne ba a kai ta sikelin masu zinariya a gwada da nauyin da muka faɗa. A ɗauki hoton fuska da baya da salula a aika wa ɗan uwa mai karatu ya duba shekarar, kuma a ji farashi daga bakin mutum biyu ko uku kafin a saki. Wadda ba ta yi kama da ko ɗaya daga cikin waɗanda muka lissafa ba, a naɗe ta cikin takarda ita kaɗai, a nuna wa ma'aikatan gidan tarihi na Bubu Hama in an je Yamai.